Kyamarar Ƙofar Garke

Na yi yawon duniya daidai gwargwado, kuma yawancin abin da na gani ya bi ruwa, sai an tuna mini nake cewa af, haka aka yi. Amma daminar da na kafa kyamara a gidanmu na Getso saboda yayana, wannan kam ba zan manta da ita ba. Ko ƙwaƙwalwata ta fara zuba, ina jin ita ce za ta fita a ƙarshe.

Mu asalinmu masu shanu ne, kakanninmu suka gaji da yawo suka zauna suka kama noma. Ni tun ina saurayi na ajiye sanda na bi fatauci, daga Agadas zuwa Njamena, Garwa, Kumasi, daga baya na yi shekaru a Jidda. Yaya kuwa bai je ko'ina ba. Shi ya riƙe gida da garke, kuma don ya zauna ne ni na samu damar tafiya. Da na dawo gida da furfurata, sai na tarar tsufa ya taɓa masa tunani. Da safe lafiya lau za ku yi hira. Amma da rana ta karkata sai ya ɗauki sandarsa da malfarsa ya ce za shi koro shanu. Shanun nan kuwa an rabu da su tun tuni, abin da ya rage awaki ne da tumaki da bijiman huɗa. Ta ƙofar garke yake fita, wadda ke bayan gida tana kallon gonaki. Mun gwada kulle ta, ya yi ta dukanta yana kuka, har ya nemi haura katanga.

Wata rana, dawa ta riga ta fi mutum tsawo, aka neme shi aka rasa. Sai dab da magariba wasu manoma daga wajen Madadi suka kawo shi a babur, riga jiƙe, ƙafafu duk ƙaya. Washegari babban ɗansa ya same ni a zaure. Bayan mun gaisa ya durƙusa ya ce, "Baffa, ba rashin kunya zan yi ba. Daga azahar zuwa magariba a riƙa rufe shi a ɗaki. Kowa yana gona, ba mu da mai zaman gadinsa. Gara a ce mun rufe shi da a ce mun tsince shi a rafi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta da hawaye. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa duka a sarari, a juya masa makulli kamar buhun gero? Zuciyata ta ƙi. Sai na tuna 'yan kasuwar Jidda da nake gani suna shan shayi a wani wuri, suna kallon shagunansu a waya. Na ce idan kyamara za ta yi gadin turare da darduma, ai za ta yi gadin yayana. Yaron ya ce, "To Baffa. Amma idan ya sake fita ba a gani ba, ka yi haƙuri da abin da zan yi." Na ce na yarda.

Na shiga Kano na sayo kyamara marar waya, mai ɗan farantin sola a kanta, da rauta, wato akwatin nan da ake sa wa sim ya raba intanet a gida. Mai shagon ya ce haɗawar kamar shan ruwa ce. Takardar bayanin da Turanci take da Faransanci, na bi ɓangaren Faransancin don shi na fi sakewa da shi. A cikin ɗakina komai ya tafi daidai. Na sauke manhaja, na sa kalmar sirri, na nuna wa idon kyamarar wayata, ta yi wata magana da harshen da ban taɓa ji ba. Hajiya, uwargidana, ta ce, "Alhamdu lillahi, yau an samu wadda ta fi ka yare."

Da na kai ta ƙofar garke na ɗaure, sai shiru. Waya ta ce ba ta ganin kyamara. Waɗanda suka ƙera abin nan ba su san katangar ƙasa irin ta mahaifinmu ba, mai kaurin da jaki zai kwanta a kai. Tsakanin ɗakina da garke akwai irinta har kashi-kashi, ga rumbuna, ga rufin kwano. Na yi ta zagaya gida da waya a sama kamar mai neman wurin haƙa rijiya, jikoki suna dariya. Can na tuna yadda a hanyar Agadas mutane ke hawa tudun yashi idan suna neman sabis. Abin da yake so ke nan ko'ina a duniya: tudu da sarari. Na cire rauta daga ɗakina na rataye ta a saman rumfar Hajiya da ke tsakar gida, inda akwai soket na solarmu, kuma daga nan ana hango garke. Nan take hoton ƙofa ya fito tas.

Sai kuma ta koma ƙarar banza. Zabuwa ta gifta, waya ta yi kuka. Akuya ta leƙo, ta yi kuka. Iska ta kaɗa darbejiya, ta yi kuka. Ranar da ta yi mini haka a sahun gaba, kallon da liman ya yi mini kaɗai ya isa. Na zauna na bi manhajar nan daki-daki har na gano inda ake ce mata mutum kaɗai za ta kula, na zana mata iyaka a bakin ƙofa kawai. Na kuma sunkuyar da kanta ƙasa don kada ta hango cikin gidan maƙwabta, domin wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Babbar matsalar tana gaba. Da safe kyamara garau. Da an yi azahar sai ta mutu, ba za ta farfaɗo ba sai an kusa kiran magariba. Wato daidai lokacin da ake bukatarta. Na zargi zafin rana, na yi mata 'yar inuwa da guntun kwano. Na zargi sabis, na canza sim. Duk a banza. Dole na koma ni ne kyamarar, ina zaune a bakin garke kullum da yamma ina tare Yaya da hira. Ɗansa ya wuce ni da fartanya a kafaɗa ya ce, "Baffa, ashe ita ma Bahaushiya ce, ƙailula take yi." Na yi dariya, amma raina ba daɗi, don na san ba zan dawwama a zaune ba, kuma na san alkawarin da na ɗauka.

A fatauci na koyi cewa idan kaya suna ɓata a hanya, ka tambayi wanda ya gan su a ƙarshe. Sai na buɗe hotunan da kyamarar ta adana, na riƙa duba na ƙarshe kafin kowace mutuwa. Kusan duk iri ɗaya ne: matan maƙwabta suna shigowa ta ƙofar garke bayan azahar, kowacce da waya a hannu. Kun san al'adarmu, idan matan mutane suna tsakar gida, maigida ba ya kutsa kai. Shi ya sa ban taɓa ganin abin da ke faruwa a rumfar ba. Ranar na daure har suka watse, na yi sallama na shiga. Na tarar da Hajiya tana mayar da filogin rauta cikin soket.

Na ce, "Hajiya, me kike yi?"

Ta ce, "Mayar maka da akwatinka nake yi. Baƙi sun gama caji."

"Dama cire shi kike yi?"

"To da fa? Tun safe fitilarsa kore ce, ya cika. Ba kai ke mana faɗa ba cewa waya in ta cika a cire ta kada batir ya lalace? Shi wannan wane irin mayunwaci ne da ba ya ƙoshi?"

Na zauna a kan turmi na yi dariya har da hawaye. Na yi mata bayani cewa shi ba shi da ciki, da an cire shi ya mutu, kuma da ya mutu kyamara ta makance. Ta riƙe baki ta ce, "Innalillahi! Ashe ni ke kashe ta." Sai kuma ta gyara tsayuwa ta ce, "Amma fa Alhaji ka sani, maƙwabciya ba za ta zo caji in ce mata babu ba. Da wane bakin?" Na ce ba wanda ya ce ta hana. Washegari na ja wa rauta wayar wutarta ita kaɗai, na sa ta a akwatin katako mai ƙofofin iska, na kafe a can sama. Baƙin Hajiya kuma na kawo musu dogon soket mai baki da yawa. Tun daga ranar kyamara ta daina ƙailula.

Ba a jima ba wani tsohon abokina ya gayyace ni walimar saukar karatun jikarsa a Kabo. Na yi ta jinkiri, daga baya na ce idan ban yarda da aikina ba wa zai yarda da shi? Na tafi. Muna zaune a tabarmi bayan la'asar, waya ta motsa a aljihuna. Ina dubawa na ga Yaya, da sanda da malfa, ya riga ya tsallake bakin ƙofa, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayan gonaki. Na kira ɗansa, ba ta shiga. Na kira Hajiya, ba a ɗauka ba. Taku kaɗan ya rage ya shige cikin dawa.

Kyamarar tana da 'yar lasifika da ban taɓa amfani da ita ba sai a gwaji. Na miƙa wa abokina lambar yaron na ce ya yi ta kira, ni kuma na danna na ce, "Yaya! Yaya, tsaya!" Ya waiga a firgice bai ga kowa ba, sai ma ya ƙara sauri. Ban san lokacin da bakina ya juya zuwa Fillanci ba, harshen mahaifiyarmu, wanda yanzu ba mai yin sa a gidan, ni ma sai a Garwa na sake tsinto shi. Na kira shi da sunan da Inna take kiransa, na ce, "Jira ni mu tafi tare. Kada ka tafi ka bar ni."

Ya tsaya cak. Ya juyo yana kallon ƙofa, ya ce cikin faɗa, "Kai kullum kai ne na baya! Me kake yi?"

Na ce, "Ina zuwa, Yaya. Zauna ka jira ni."

Ya yi tsaki, ya dawo ya zauna a kan kututturen da ke gefen ƙofa, ya ɗora sanda a cinya. Don kada ya tashi, na ce ya tuna mini shanun da za mu koro. Ya shiga lissafa su ɗaya bayan ɗaya, da kamanninsu da halinsu: fara mai baƙin kunne da ba ta son a taɓa ɗanta, ja mai karyayyen ƙaho da ke jan gaba. Shanun da suka mutu tun ina yaro. Duk 'yan walima suka kewaye ni, wani dattijo yana ta salati a hankali. Can abokina ya ɗaga hannu, alamar ya samu yaron. Muna cikin shanu har na ga babur ya shigo hoton, ɗansa ya diro da laka har gwiwa, ya durƙusa a gaban mahaifinsa ya riƙe masa hannu.

Ban tsaya cin abinci ba, domin na ce masa ina zuwa. Na isa gida an ɗauke ruwa, na same shi a rumfa an lulluɓe shi da bargo, bai saki sandar ba. Yana ganina ya ce, "Ka daɗe." Na ce na daɗe, Yaya. Na kama hannunsa muka fita ta ƙofar garke, muka taka har bakin gona, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce yau sun yi nisa, a bari sai gobe. Muka dawo. Ɗansa yana tsaye yana kallonmu. Da na zo wucewa ya ce a hankali, "Baffa, maganar ɗakin nan, a bar ta."

Daga nan muka mai da abin tsari. Da waya ta yi kuka da yamma, duk wanda ke kusa sai ya bi shi su taka tare su dawo. Haka muka yi har Allah ya karɓi abinsa bayan shekaru, kuma ba a taɓa juya masa makulli ba ko sau ɗaya. Na yi ciniki da harsuna da dama a ƙasashen mutane, amma ban yi wani aiki da nake alfahari da shi kamar wannan ba.

Abin da na koya shi ne, na'ura tana da saurin gani, amma ba ta san kowa ba. Kafin ta yi maka aiki sai ka san katangar gidanka da halin mutanen cikinsa. Kuma tsoho idan ya kama hanya, ba ƙofa yake nema a rufe masa ba, abokin tafiya yake nema.