Ƙofar Gabas ta Lebajoa

Duk unguwar Qoaling, a gefen birnin Maseru, an san Lebajoa da abu biyu: sassaƙar dutse da fasa kan mutane. Na biyun ya riga na farkon. A tsaunukan Mokhotlong ya tashi yana kiwon tumaki, inda yaro ba ya cika mutum sai sanda ta bar masa tabo a goshi. Daga can ya tafi ramin zinariya a Afirka ta Kudu, ya zubar wa shugaban aiki da haƙora, aka koro shi. Sai ya koma wa dutse, tunda shi kaɗai ake duka ba ya kai ƙara.

Shekara da shekaru yana gina wa masu hali gidaje a kan tudu, masu tagogin gilashi tun daga ƙasa har rufi, shi kuwa yana haya a ɗaki ɗaya da matarsa 'Malineo. Da Allah ya ba shi fili, wani ɗan tsiri ne a gangaren dutse, ko akuya ka ɗaure sai ta ci ciyawar maƙwabci. Duk da haka ya zana gidansa da bakin sanda a ƙasa: zagayayyen ɗakin dutse irin na ubansa, manne da falo mai kusurwa huɗu, kicin a ƙarƙashi inda gangaren ya ba da wuri, da ƙatuwar taga mai kallon tsaunuka. Ƙofa kuwa gabas, kamar a ƙauyensu, don rana ta shigo ta gaida masu gida kafin kowa.

"Ntate, titi fa yana yamma," in ji 'Malineo, da kalmarsu ta girmama namiji, kamar a ce Malam. "Gabas ɗin naka filin Ntate Khoabane ne. Ko tabarma ba za ta shimfiɗu a tsakani ba."

"Ranar ma ta Khoabane ce? Shi ya saye ta?"

"To, ka ji ka. Ni dai na faɗa."

Shi a ganinsa nan ma kamar can ne, inda kunya ba ta barin mutum ya yi gini a gaban ƙofar wani. Ya manta a birni ba a aiki da kunya, igiyar awo ake ja.

Gini ya kai kan ƙofa, wata safiya Lebajoa ya iso ya tarar maƙwabcinsa Khoabane, wani mai motocin haya mai tumbi, ya ja katangar bulo daidai iyaka. Jikinta kuma ana haƙa masai, a saitin ƙofar.

"Ntate Khoabane, wannan fa?"

"Ido ne ba ka da shi? Fili na ne."

"A bakin ƙofata za ka riƙa tsuguno?"

"Wa ya ce ka juya wa titi ƙeya? Ɗan dutse kawai! Koma wurin tumakinka, da su ka saba."

Lebajoa ya ɗaga gudumarsa ya sauke wa katangar, bulo ya tarwatse. Khoabane ya kawo masa sara da shebur. Lebajoa ya naɗe bargon da ya yafa a hannun hagu ya tare, ya zari sandar kiwonsa, ya ba shi ɗaya a gwiwa, ɗaya a fuska. Khoabane ya zube cikin ramin masan, jini na tsartuwa daga idonsa. Gaskiya a lokacin daɗi Lebajoa ya ji, kuma daɗin bai daɗe ba. 'Ya'yan Khoabane biyu suka fito suka danne shi, suka ɗora hannunsa na dama a kan bulo, suka farfasa yatsun da gudumar tasa. Ihun 'Malineo har titi, amma ba wanda ya shiga tsakani.

Khoabane ya rasa ido. Lebajoa ya tafi kurkuku da hannu kamar busasshiyar citta. A can ba abin da ya riƙe shi sai ƙofar nan. Kullum yana gaya wa kansa in ya fito zai buɗe ta da safe ko da katangar ta kai sama.

Ranar da aka sako shi, ya hango gidan tun daga ƙasan tudu, an rufe shi da kwano, gilashi na ƙyalli. 'Malineo ce ta ƙarasa, da kuɗin gasa masara a tashar mota. Ya zagaya gabas. Katangar Khoabane ta wuce rufi, an jera mata fasassun kwalabe. Ƙofarsa kuwa an toshe ta da duwatsun da shi ya sassaƙa. Ya lalubi guduma a gefen gini, yatsun suka ƙi riƙewa, ta faɗi a kan ƙafarsa.

"Zagayo ta nan, Ntate," in ji 'Malineo. "Tuwo na hucewa."

Ya zagaya. A bangon baya na zagayayyen ɗakin ta fasa sabuwar ƙofa, mai kallon titi. A ƙauyensu, zamanin kakanni, gawa kaɗai ake fasa wa bangon baya a fitar da ita.

"'Malineo, ƙofar gawa kika fasa mini tun ina numfashi?"

"Ta ina kake so in riƙa shiga duk shekarun nan? Ta masan Khoabane?"

Ya daɗe a tsaye, hawaye na bin tabon fuskarsa, mutumin da ko ranar da aka fasa masa hannu bai yi kuka ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya shiga.