Tsakanin Buhu Na Biyu Da Na Uku

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, saboda haka 'yar maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Idan kuka ya zo mini sai ta dakata ta jira ni. Haka nake tun da maigidana ya rasu, kuma na gaji da ɓoyewa.

Mu mutanen Chaza ne, kusa da Suleja. Kafin rasuwarsa, a gidan nan mu uku muka rage: ni, da tsohon, wato maigidana, da jikanmu. Uban yaron shi ne ɗanmu na ƙarshe, mota ta kashe shi a hanyar Kaduna wajen Sabon Wuse, uwar kuma ta yi wani auren a nesa. Aka bar mana yaron yana tatata. Ni ina kiransa angona, tsohon kuma yana kiransa ɓarawon matata, su yi ta faɗan wasa a kan wa zan fara zuba wa tuwo. Amma akwai abu guda da tsohon ba ya wasa da shi, gaisuwa. Ko me yaron yake yi, ko tulu ne a kansa, in babba ya gifta sai ya sauke ya durƙusa. Tsohon yakan ce masa, "Ranar da ka wuce babba a tsaye, ba jinina ba ne kai."

Muna da gona a bayan gida. Da gwiwoyin tsohon suka ƙi, sai ya bar ta ta huta. Ana nan wani bawan Allah mutumin Zariya, mai aiki a Abuja yana haya a cikin Suleja, ya zo ya roƙi aron filin don ya riƙa koya wa yara wani wasa ran Asabar. Besbol suke ce wa wasan, shi kuma yara suna ce masa Koci, wato mai horarwa. Tsohon ya ba shi, da sharaɗi ɗaya: akwai 'yar hanya da ta ratsa gonar zuwa fadama, tun kakanni ake bin ta, ba za a rufe ta ba.

Ga yadda na fahimci wasan. Ana jefo wa yaro ƙaramar ƙwallo mai tauri, ya doke ta da sanda mai kama da 'yar taɓarya, ya yar da sandar ya ruga. An ajiye buhunan taki guda uku cike da yashi, nesa da juna, dole ya taka kowanne bi da bi sannan ya dawo inda ya fara, nan suke kira gida. Muddin ƙafarsa na kan buhu ba mai iya yi masa komai. In kuwa yana tsakanin buhu da buhu aka taɓa shi da ƙwallon, ya fita. Kuma ba shi da izinin wuce ɗan'uwansa da ke gudu a gabansa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi wa tsohon daɗi. Ya ce wasan yana da tarbiyya, na baya ba ya shiga gaban wanda ya riga shi.

Jikana ba gwanin dukan ƙwallo ba ne, amma yana da gudu. Duk Asabar tsohon zai ɗauki buzunsa ya zauna a gindin ɗorawar da ke bakin gonar, ya dawo yana ba ni labarin wanda ya taka buhu da wanda bai taka ba, ni kuwa ina jin sa ne kawai ina tankaɗe.

Da damina ta kusa ciwo ya kwantar da tsohon, bai tashi ba.

Ina cikin takaba yaron ya daina zuwa filin. Koci ne ya zo gaisuwa, ya roƙe ni na sa baki ya koma. Ya ce za a zaɓi yara a kai su Abuja su kara da yaran wasu garuruwa, mota guda ce, ba za ta ɗauki kowa ba. Tun daga ranar na ga fuskar yaron ta ɗan saki. Bai taɓa wuce Dutsen Zuma ba. Ya kama maganar Abuja safe da yamma, har na fara roƙon Allah ya ba shi kujerar nan, don ban ga wani abin da ya rage yana sa shi dariya ba.

Ranar zaɓen ta faɗo bayan na fita takaba. Yaron ya ce, "Kaka, ki zo ki zauna inda Baba Tsoho yake zama." Ban so ba, amma na je. Da na ga inda buzun ya kashe ciyawa a gindin ɗorawar sai da na yi kuka na ƙoshi, sannan na share ido na fara kallo.

Can sai ga angona tsaye a kan buhu na biyu, wani abokinsa a kan na ɗaya. Aka doki ƙwallon ta yi nisa, su biyun suka kwasa da gudu. A daidai lokacin nan aminin maigidana ya fito daga fadama da fartanya a kafaɗa. Tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, bai ji yaran da ke ce masa ya dakata ba. Ya biyo hanyar da ya saba bi, ita kuwa ta ratsa ne tsakanin buhu na biyu da na uku.

Jikana ya ci birki a gabansa, ya cire hula, ya durƙusa.

"Baba, barka da yamma. An dawo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan albarka. Ya kakar taka? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Baba."

"Ka ce mata gyaɗar tawa ta kusa, zan aiko mata."

Abokin da ke biye da shi ya iso, ya tsaya a bayansa yana tsalle yana cewa, "Tashi mana, ba dama na wuce ka." Yaron da ƙwallon ta dawo hannunsa ya zo, shi ma ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu Baba," sannan ya taɓa jikana a kafaɗa, ya juya ya taɓa na bayan. Su biyu suka fita a lokaci guda. Filin ya ɗauki dariya. Wani ya tsokani jikana ya ce, "Liman, ka manta ba ka tambayi lafiyar awakinsa ba." Koci bai yi dariya ba, ya dafe kai ya juya baya. Da aka kira sunayen masu tafiya babu na jikana.

Ya dawo gida ya zauna a bakin rumbu, ya ƙi cin abinci. Na ce, "Angona, yau fushi ake yi da amarya?" Bai ɗago ba. Can ya ce, "Kaka, da na wuce shi fa? Baba Tsoho ya ce ba jininsa ba ne ni." Na mayar da tuwon cikin tukunya.

Washegari na aika aka kira mini Koci. Ya zo ya durƙusa a zaure har ƙasa. Na ce, "Kai ma ga shi ka iya gaisuwa. Me ya sa ka hukunta yarona a kanta?"

Ya ce, "Mama, wallahi ba hukunci ba ne. Duk cikinsu ba wanda ya kai shi gudu. Amma wannan ne karo na uku da ya yi mini haka. A Abuja manya ne cike da bakin fili, alƙalin wasan ma dattijo ne, a kusa da buhu yake tsayawa. In ya durƙusa masa fa? Ba shi kaɗai yake fitarwa ba, har na bayansa."

Na ce, "To yanzu ba wata hanya?"

Ya ce kujera ɗaya ta rage, Asabar mai zuwa zai cike ta. "Na yi masa magana na gaji, Mama. Ba maganata yake ji a kan wannan ba. Wanda ya ɗora masa ya tafi, sai ke."

Na kwana biyu ina juya abin. Tsohon bai bar mana dukiya ba. Abin da ya bari shi ne yaron nan da yadda ya horar da shi, kuma duk wanda ya zo gaisuwar rasuwa sai da ya yaba. Yanzu ni ake so na warware da bakina, shi kuwa ba ya nan balle na tambaye shi. Na yi ta kuka a madafa ina ce masa, ka tafi ka bar ni da abin da ya fi ƙarfina.

Ran Alhamis na kira yaron na ce, "Zauna. Daga buhu zuwa buhu ba ka ga kowa ba. Ko ni ce, ko liman ne, ka wuce. In ka taka buhu, ko aka tashi wasa, ka je ka gaishe su. In akwai laifi a ciki, a kaina yake, ni zan yi wa kakanka bayani in mun haɗu."

Ya ce, "Zai yarda?"

Na ce, "Shekaru ina shawo kansa, wannan ma zan iya."

Daga nan na ja ƙafa zuwa gidan aminin. Sai da na ɗaga murya kafin ya ji. Na roƙe shi ran Asabar ya sake biyowa ta hanyar daidai lokacin da yaron ke gudu, don Koci ya gani da idonsa. Ya dube ni. Ya ce, "Wato so kike na je jikan abokina ya wuce ni a tsaye a gaban jama'a." Na ce eh. Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ya kuwa zo. Ya tsaya a bakin fili har yaron ya kai buhu na biyu, da aka doki ƙwallo sai ya shigo da fartanyarsa a hankali. Na ga jikana ya ɗan rage gudu, hannunsa ya tafi wajen hula. Sai ya sunkuyar da kai ya kewaye tsohon, ya taka na uku, ya zarce gida. Yara suka yi ta ihu, Koci ya ɗaga shi sama.

Aminin ya ƙaraso gindin ɗorawa ya zauna nesa da ni kaɗan. Ya ce, "Yaron yana da gudu." Na ce yana da shi. Shi yana goge ido da bakin riga, ni da gyale.

An ba shi kujerar. Ranar tafiya na soya masa gyaɗa na ƙulle a leda, ya durƙusa a tsakar gida na sa masa albarka, ya fita da gudu don kada mota ta bar shi. Na zauna a bakin ƙofa. Tun da aka kawo ni gidan nan ina yarinya, ranar ce ta farko da na wuni a cikinsa ni kaɗai, ko wuta ban hura ba.