Baba Mala, Mai Sauraron Kukan Buwat

Sandar ƙarfe mai tsawon kamu biyu. Farin tsumma. Galan ɗin jan mai. Buta, darduma, da goro a ƙulle cikin leda. Abin da Baba Mala ya shigo da shi ke nan motar Zermu a wata Talata ta bazarar bana, kuma abin da yake shiga kowace mota da shi ke nan tun da aka fara kawo irin waɗannan motoci Damagaram.

An wuce Mirriya, rana ta kusa tsaka. Mota cike take da ƴan kasuwa da buhuna da mata masu goyo. Shi bai zauna a kujera ba. Can baya yake, a ƙasa, bisa murfin ƙarfen da ke saman buwat, wato akwatin da ke canja wa mota giya. Ya tuɓe takalmi, ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a kan ƙarfen. Baƙo zai ɗauka wuri aka rasa masa. Aiki yake yi. Duk motar da ya taɓa wa buwat sai ya bi ta tafiyar farko da lodi, domin ya ce mota wayam ba ta faɗin gaskiya.

Mala Kyari sunansa, Babarbare ne mazaunin unguwar Kara-Kara, ya haura sittin. Shi ne makaniken motocin Alhaji Suma'ila, tsoffin motocin cikin gari na ƙasar Turawa da suka gama aikinsu can aka sayo su ta bakin teku. Ba su da sandar giya. Maɓallai uku gare su, na gaba, na baya, da na tsayuwa, sauran aikin buwat ke yi da kanta. Na daɗe ina shiga irinsu a garin da na yi karatu. Can ba mai sauraronsu, in sun yi ciwo na'ura ake jona musu ta faɗi inda yake. Nan motocin suka iso, na'urar ba ta biyo su ba. Sai kunnen Mala.

Kullum in an sauko daga sallar asuba yakan taka zuwa garejin da ke bayan Zango, ya sa a tada motocin ɗaya bayan ɗaya, shi yana tsaye a baya. Buwat mai lafiya, in an danna maɓalli, takan yi ɗan jim kamar mai gyara ɗaurin zane, sannan ta kama a hankali. In mota ta tashi sai ta ja wata siririyar ƙara, kamar ana busa bakin kwalba, tana hawa tana hawa, sai ka ji ɗan tif a ƙarƙashin ƙafa, ƙarar ta faɗo, mota ta miƙe. In direba ya taɓa birki sai ta yi gunji ƙasa-ƙasa, domin ita ma tana taya birki riƙe motar. Duk wannan kukan lafiya ne. Na ciwo daban yake. Inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba. Ko ta riƙa kai da kawowa tsakanin giya biyu kamar wadda ta rasa ƙofa. Mafi muni, siririyar ƙarar nan ta ƙi saukowa, ta koma kamar ana wasa wuƙa a dutse. Wannan na nufin mai ya yi ƙasa, ciki ya ɗau zafi. In aka matsa mata a haka, ko dai ta mutu a daji, ko man ya fesa kan bututun hayaƙi wuta ta tashi daga baya, inda mata da yara suka fi zama.

In ya gamsu, sai ya bugi gefen motar da tafin hannu ya ce, "Ta tafi." Iyakar abin da yake faɗa ke nan. Da daɗewa har fasinjoji suka san bugun. Ƴan kasuwa kan tambayi direba tun kafin su ɗora kaya, "Mala ya buga mata?"

Ba da sauƙi direbobinmu suka koyi motocin nan ba, domin duk dabarun da suka tashi da su a nan guba ne. Nomau, wanda ke tuƙa motar Zermu, ya ce ya yi wata da watanni ƙafarsa ta hagu tana taka fili tana neman abin da babu. Ranar da batir ya mutu masa a tasha, ƙarti suka taru za su tura kamar yadda aka saba. Mala ya zauna a kan benci yana ɓare goro.

"Ku tura ta har Kano," ya ce, "in ta tashi ku dawo ku gaya mini."

Suka tura har suka jiƙe da gumi, suka dawo suka zauna kusa da shi. Sannan ya tashi ya kawo wani batir.

Haka kuma ɗabi'ar sakin mota ta gangara ba giya don tsimin mai. Wannan buwat ba ta yafe shi. Nomau ya ce sau ɗaya ya gwada a wata gangara, yana ganin tsoho ya yi gyangyaɗi. Bai kai ƙasa ba ya ji murya daga can baya: "Nomau, mayar da ita inda ka ɗauke ta."

Hajiya Shatu, mai safarar albasa da ba ta fashin kasuwar Zermu, ita ta ba ni labarin ranar sarƙa. Mota ta mace musu a hanya da tsakar rana, aka samo babbar mota za ta ja ta gari, har an ɗaura sarƙa. Mala ya iso a bayan babur ɗin kabu-kabu, ya je ya zauna a ƙasa tsakanin motocin biyu. Ya ce ba a ja sai ya kwance sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi, domin in inji a mace yake mai ba ya zagayawa, cikin buwat zai ƙone kafin a ga gari. Mai babbar mota yana sauri, ya yi ta faɗa. Mala ya shige ƙarƙashi ya kwanta a kan yashin da ba ya takuwa. Hajiya ta ce da ya fito, fatar bayansa ta tashi.

Baba Mala, kai ne ka hana mota fita ana gobe Sallah, tasha cike da masu son kwana a gida. Ka sha zagi daga mutanen da ba su san sunanka ba, Alhaji ma ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarka da kyau. Ba ka yi wa kowa bayani ba, ka dai ƙi bugawa. Da aka zubar da man, ɓarɓashin ƙarfe ne ya kwanta a gindin kwano. Waɗanda suka zage ka ba su gani ba, sun riga sun watse. Kai ne mai aikin da in ya yi kyau ba abin da ke faruwa, don haka ba mai godiya.

To, a wannan Talatar, bayan Mirriya, motar ta fara wasa wuƙa.

Hajiya Shatu na kujerar ƙarshe, a hagunsa. Shekarun da ta yi a hanyar nan sun koya mata muryar motar.

"Mala," ta ce, "yau matarka ta canja murya. Faɗa kuka yi ne?"

Bai juyo ba. Ta zungure shi da mafici. Ya waiwayo, ya ga bakinta na motsi, ya yi murmushi, ya miƙa mata ɓarin goro. Ta karɓa, ta riƙe shi a hannu ba ta ci ba.

Nomau ma ya ji. Ya dubi madubi yana jiran tsoho ya ɗaga hannu. Ya ga yana zaune lafiya lau, ƙafa a kan ƙarfe, ido a lumshe. Nomau ya rage gudu, ya ratse gindin wani gawo, ya kashe inji.

"Jama'a, a sauka a miƙe ƙafa, mai alwala ya yi. Azahar ta kawo jiki."

Mala ya sauko, ya dubi inuwar motar, ya dubi Nomau.

"Wace azahar? Rana ba ta karkata ba."

"Baba, ɗan duba mini man, tunda mun tsaya."

Ya buɗe baya, zafi ya bugi fuskarsa. Ya zaro ma'aunin mai ya goga a farin tsumma. Man da ya zuba jiya ja ne kamar zoɓo. Yanzu ya yi duhu, yana ƙaurin ƙuli-ƙulin da aka manta a wuta. Ya leƙa ƙasa. Tiyo ɗaya ya tsage, mai na ɗiga kusa da bututun hayaƙi.

Ya ce a tada inji. Ya ɗora bakin sandar ƙarfensa a jikin buwat, ɗaya bakin a kunnen dama. Ya mayar hagu. Ya dafa ta a goshi. Gunjin ƙasa yana jin sa har cikin haƙora. Siririyar ce babu. Ya daɗe a haka, sannan ya yi alama a kashe.

"Tun ina take kuka?"

Nomau ya ce wani abu yana kallon ƙasa.

"Ɗaga murya, ka kuma dube ni."

"Tun da muka bar Mirriya, Baba."

"Kuma ka gan ni a zaune."

"Na gan ka."

"Irin wannan azahar, sau nawa ka tsaya mini ita?"

Nomau ya goge hannu a riga. "Ba ni kaɗai ba ne. Tun daminar bara muka yi magana da sauran direbobi. Muka ce duk wanda ya ji ya nemi dalilin tsayawa, kai ka gyara. Ba wanda zai sani."

"Ranar da aka ba sabon direba mota fa, wanda bai san kukanta ba?"

Nomau ya je ya ɗauko masa galan ɗin mai.

Mala ya yanke wurin da tiyo ya tsage, ya ɗaure, ya jira ƙarfe ya huce, ya juye galan ɗinsa. Hannunsa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Suka ƙarasa Zermu a hankali. A dawowa ya sa takalminsa ya nemi kujera. Hajiya Shatu ta janye ƙunshinta ta ba shi wuri, kuma har suka shigo gari ba ta tsokane shi ba.

Washegari ƴarsa Rakiya ta kai shi asibiti. Likita ya ce ƙarar inji ce ta cinye kunnen a hankali, siraran sauti ne ke fara tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Alhaji Suma'ila ya zo gida da kansa, ya zauna a zaure, ya matso kusa da kunnen dama.

"Mala, ba wanda ya ce ka tafi. Ka zauna a garejinka kamar kullum. Direbobi su ji, kai ka gyara, da safe ka buga musu. Mutane bugun nan suke so."

"Na sani, Alhaji," in ji Mala. "Shi ya sa ba zan yi ba."

Ba shi da magaji a sana'ar. Waɗanda ya fara koya wa sun watse tun tuni, wasu sun kama kabu-kabu, wasu sun yi arewa neman zinariya. Zaman sauraro yana son shekaru, kuma ba ya sa mutum ya yi fice. Motocin su ma sun tsufa, biyu daga ciki suna kan duwatsu a bayan gareji, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Ban san wanda zai tsaya a bayan sauran ba in gari ya waye.

Baba Mala, kunnen Damagaram a kan hanya, mun gode. Mun gode da tafiye-tafiyen da muka sauka lafiya ba mu san da kai ba, da bayanka da yashi ya ƙona, da zagin da ka haɗiye. Kai ne ka ba motocin nan kunnenka har suka cinye shi. Kuma ranar da aka ba ka damar ci gaba da ɗaukar girma da kunnen wasu, ka ƙi. Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma direbobi da makanikai masu sauran ji, gidansa ba ɓoyayye ba ne a Kara-Kara. Ku je ku kwaikwaya masa kukan da kuka ji da bakinku, zai gaya muku abin da take nufi. Ku je tun yana nan. Duk wanda kuma jama'a ke dogara da kalmarsa, a tasha ko a wani wuri, ya dubi abin da tsohon nan ya yi ranar da ya gane kalmar ta fi ƙarfinsa.

Ran Alhamis da safe ya koma garejin kwashe kayansa. Nomau ya kawo motar Zermu bakin ƙofa, an sa mata sabon tiyo da sabon mai, inji na aiki, fasinjoji a ciki. Ya sauko ya tsaya gabansa, ya ɗaga murya.

"Baba, ni na saurare ta, lafiyarta lau. Buga mata kawai, ko na yau."

Ta taga Hajiya Shatu na kallo. Mala ya dubi gefen motar, wurin da tafin hannunsa ya goge fenti har ƙarfe ya fito. Ya jingine sandarsa a jikin taya.

"In ka ji lafiyarta lau, kai ka buga. In ta lalace ku kwance ku kawo mini gida, hannuna na nan."

Ya saɓa dardumarsa, ya ɗauki buta, ya jawo ƙofar garejin ya rufe, ya miƙa wa Nomau makulli.

"Amma ni na daina ce wa mota ta tafi."