Hayrullah, mai tafin hannun da ke neman haƙarƙari

Kafin hazo ya ɗaga daga gindin dutsen Hasan, mukan ji tarin tsohon babur ɗin Kawu Hayrullah yana gangarowa ta bayan makarantarmu. Ba ya sauri. Yakan tsaya a kowace ƙofa da kare ke kwance, ya sauko, ya jira karen ya gama shinshina shi, sannan ya ɗora tafin hannunsa a gefen cikinsa, ya lumshe ido kamar mai sauraron wani abu daga nesa. In ya ji haƙarƙari, sai ya yi murmushi ya wuce. In bai ji ba, ranar mai gida zai sha magana.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan zagaye a ƙauyukanmu na Aksaray, a matsayin ma'aikacin lafiyar dabbobi. Wannan watan ya ajiye aiki.

Karnukanmu na kiwo sun kai maraƙi girma, mu kuwa girman nan ne abin alfaharinmu. A wurin shan shayi, kowa sai ya faɗi nauyin nasa, har akan kai su injin niƙa a ɗora su kan sikelin alkama. Tun suna kwikwiyo muke ɗura musu burodi da kitsen jelar rago. Sai su yi ƙiba kafin ƙashinsu ya yi ƙwari, ƙafa ta lanƙwashe, zuciya ta gaji. Da wuya ɗaya ya wuce shekara shida. Mukan ce haka Allah Ya yi babban kare. Hayrullah kaɗai ke cewa, "Allah Ya yi shi babba, ku kuka yi shi buhu."

Na ga abin da ya faru a gidan Zekiye da idona, domin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mijinta ya rasu ya bar mata tumaki arba'in, karensa kuma ya bi shi a wannan hunturun, yana ɗan shekara biyar. Abin da ya rage mata shi ne kwikwiyo ɗaya mai suna Duman. Ba a hawa makiyayar tudu ba kare, saboda kyarkeci. In Duman bai iya tafiyar ba, sai dai ta sayar da garken ta koma birni, ɗakin ɗanta a hawa na biyar. Ƙanin mijinta, Nurettin, shi ya ɗauki nauyin ciyar da kwikwiyon, da zuciya ɗaya kuma. Wata biyar kawai, ƙafafun gaba suka fara buɗewa kamar baka.

Hayrullah ya shafa, ya shafa, bai ji komai ba.

"Nurettin, ina ka kai haƙarƙarin yaron nan? Ka sayar?"

"Haba Kawu, kai dai ba ka son ganin abu ya yi kyau. Dubi wuya! Wannan sai ya karya sikeli."

"Zai karya, in an ɗauko shi a amalanke. Kyarkeci kuma sai ka aika masa ya zo gida su yi faɗan a tsakar gida."

Zekiye ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kawu, faɗa mini gaskiya. Zai hau tudu?"

"In kin iya toshe kunnenki, 'yata, zai hau."

Ya tsara mata komai daki-daki. Yal, wato kunun sha'ir da muke dama wa karnuka da ruwan nono, a rage shi, a auna da ludayi, a raba sau uku, da ɗan nama marar kitse. Ba gudu bayan cin abinci, kada ciki ya murɗe. Kullum da hantsi a bi da shi cikin ruwan rafi, inda ruwa zai ɗauke masa rabin nauyi.

Gari ya samu abin yi. "Karen Zekiye ya ɗauki azumin nafila!" in ji masu shan shayi. Nurettin ya yi wata biyu yana fushi, yana jefa burodi ta kan katanga a ɓoye, ita kuma tana tsincewa tana ba kaji. Daga tagar ajin da nake koyarwa nakan hango su a rafi: mace cikin baƙin mayafi, kare mai launin toka, da dattijo a bakin gaɓa, hasken ruwa na rawa a jikinsu har su zama kamar ba a ƙasa suke tafiya ba.

Kai ne, Kawu, ka zo kowace Laraba, ba wanda ya aike ka. Kai ne ka sha zolaya a madadinta, ka durƙusa cikin laka da gwiwoyinka masu ciwo kana duba gwiwar kare. Mai hannun sanyi, ba ka taɓa ɗaga murya ga mutum ko dabba ba.

Bazara ta biyu Duman ya hau tudu a gaban garke. Bana shekararsa goma sha ɗaya. Bakinsa ya yi furfura, yakan kwanta ya huta a rabin hanya, tumakin su tsaya su jira shi. Zekiye tana gidanta, garkenta ya haura saba'in.

Ranar da muka yi wa Hayrullah shayin sallama a farfajiyar makaranta, sai ga Nurettin rungume da sabon kwikwiyo. Ya ajiye shi gaban dattijon yana kallon gefe.

"Ludayi nawa ka ce, Kawu?"

"Na ajiye aiki, Nurettin."

"To, hannun ma ka ajiye?"

Hayrullah ya sunkuya a hankali, ya lumshe ido.

Mun gode, Kawu. Allah Ya ba ka tsawon kwana kamar yadda ka nema wa bayinSa marasa baki. Mu kuma da ka bari da karnukan, mu sunkuya mu koya: a rage ludayi ɗaya yau, don a daɗe ana tare.