Muciyar da Muka Karɓe a Hannun Larai

Shekara shida cur, duk Litinin da Alhamis, in aka sallame sallar asuba a Marken Yamma, ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta, mace ta farko da za ka gani a hanya ita ce Inna Larai. Shuɗiyar kula a ka, jakar safar hannu a kafaɗa, tana ratsa gonaki, don gidajenmu a warwatse suke, kowa da gonarsa a bayan danga. Gida ashirin da uku take zagawa. Ba ta ɗaga murya wajen sallama. Daga bakin zaure take gyaran murya, a miƙo mata 'yar roba a ƙunshe cikin leda, mai miƙowar yana kau da kai. Ta rubuta lamba da lokaci, ta saka cikin ƙanƙara, ta wuce. Kafin ƙarfe takwas ta kai bakin titi ta ba motar Kano. Da la'asar ta sake wani zagayen.

Abin da ke cikin robar nan bayan gida ne. Gara mu faɗe shi ƙarara, tunda ita ɗaukarsa ta yi a kanta, mu kuwa faɗarsa kawai ke mana nauyi.

Kafin wannan aiki Larai ta shekara ashirin da tara a ɗakin shan maganin ƙauyen, tana awon ciki, tana rigakafi, tana wanke gyambo. Amma ba da wannan ta fi suna ba. Da tuwo ta yi suna. A nan, in ana biki ko suna, babbar tukunya ba kowace mace ake bar wa ba, kuma shekara da shekaru Larai ce mai muciya. Tuwonta ba gudaji, ba ƙauri, ya kwana biyu bai saki ba. Mace takan zo tun cikinta yana wata bakwai ta ce, "Inna, ki sa ni a lissafi." Larai tana alfahari da wannan, ba ta kuma ɓoye ba.

Sai wasu masu bincike suka zo daga birni. Suna son sanin dalilin da ya sa direbobi da masu gadi da 'yan tireda, masu sammako zuwa Kano, suke ajiye tumbi suna kamuwa da ciwon suga, alhali 'yan'uwansu da ke gona suna nan tsaf. Suka ce wani ɓangare na amsar yana cikin hanji, kuma ba a ganin abin da ke cikin hanji sai ta abin da ya fito. Suka nemi mai karɓa. Ma'aikata maza uku ne a ɗakin maganin, kowa ya tuna yana da ciwon baya. Larai ta ce ita za ta yi.

Ita ce ta fassara mana zancen da Hausar da muke ji. Ta tara mata ta ce, "A cikin hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma ba dukansu ne cuta ba. Kiwo ne Allah ya ba ku a ciki. Suna da lokacin aiki, suna da lokacin hutu, kamar ku. In kuna ba su gero da nono da ganye a kan lokaci, su yi muku aiki. In kullum sai lokacin barci ake ɗura musu biredi da lemo, su rikice, jiki ya shiga tara kitse. Shi ya sa ake son na safe, ake son na yamma, don ba iri ɗaya ba ne."

Mutanenmu ko farce suka yanke sai sun binne, don tsoron sammu, balle wannan. Larai ta je wajen liman, Malam Abdulkabir, ta rantse a gabansa ba inda robar za ta je sai ɗakin gwaji, ta kuma fara ba da nata. Malam ya ce neman magani halal ne, ya sa albarka. Nasa dai bai bayar ba.

Sama'ilu direba, mai bas ɗin Ɗambatta zuwa Kano, yana cikin waɗanda aka rubuta. A lokacin shi ne abin kwatance a ƙauye. In ya zauna a mota sitiyari a kan cikinsa yake hutawa, mutane suna cewa Sama'ilu ya ji daɗi, arziki ya zauna. Ba ya karyawa sai azahar, abincinsa na kirki kuwa sai ya ajiye mota, lokacin da kowa ya yi barci. A mako na biyu Larai ta ɗaga robarsa ta duba, ta dube shi.

"Sama'ilu, yaushe ka fara cin harawa?"

"Harawa kuma, Inna?"

"Wannan na tunkiyar matarka Safiyatu ne. In ita za a yi wa magani, ka faɗa mini in rubuta sunanta."

Ya sunkuyar da kai yana dariyar kunya. Daga ranar bai ƙara yi mata wayo ba.

Da dariya aka fara, kafin abin ya koma ƙyamar Larai. Wata huɗu da soma aikin, aka yi suna a gidan ƙanin Sama'ilu. Larai ta wanke hannu, ta ɗaura zani, ruwa ya tafasa, ta yi talge, ta ɗauki muciya. Sai Safiyatu, matar Sama'ilu, ta matso ta kama ɗaya bakin muciyar.

"Inna, kawo, kin gaji."

"Ban ko fara ba, Safiyatu."

"Ki dai huta. Ga mu nan da yawa."

Larai ta duba matan da ke tsakar gidan. Babu wadda ba ta taɓa karɓar haihuwarta ko tuƙa tuwon sunanta ba. Kowace ta sami abin kallo a ƙasa. Larai ta saki muciyar, ta koma gindin turmi ta zauna, aka kawo mata malmala ɗaya mai gudaji. Ta ci, don ba ta son a ce ta yi fushi. A hanyar gida ne ta yi kuka.

Da ƙaramar salla ta aika kwanon tuwo gida-gida kamar yadda aka saba. Ranar Litinin da ta biyo baya, tana zagayenta, ta ga malmalarta a gaban awaki a gida uku. Ta gane ta, don babu mai mulmula tuwo irin nata. Ta karɓi robobinta ta wuce. Da safar hannu take aiki, da sabulu take wanke hannu har gwiwa, abin da yawancinmu ba ma yi ko bayan mun fito daga bayi. Duk da haka hannunta ne muka ce ya ƙazantu. Yara suka laƙa mata suna, manya suna jin su ba su tsawata ba. Ba zan rubuta sunan nan ba.

Ke ce, Larai, kika lura Sama'ilu yana ɗingishi, kika sa ya cire takalmi, kika ga miki a ƙafarsa da ya yi wata biyu bai warke ba. Ke ce kika matsa aka auna jininsa, aka ce suga ya yi sama, in bai yi wasa ba ƙafar za ta tafi. Ke ce kike wanke mikin nan kullum da hannun da matarsa ba ta cin abin da ya taɓa. Maganin asibiti ya sha, amma ke kika tsaya a kan cikinsa: koko ba suga kafin ya tada mota, fura da nono da rana, kwaɗon zogale ko rama, abincin ƙarshe da magariba, kuma kwano ɗaya, kada ya wuce.

Cikin shekara guda mikin ya rufe, tumbin ya sauka, rigunansa suka yi masa yawa, ya koma yana barci kamar mutane. Me muka ce? Muka ce Sama'ilu ya rame. Muka ce dama an faɗa, ga shi ta kwashi nasa ta kai inda ta kai, ana shanye bawan Allah a tsaye. A wurinmu ƙiba ce lafiya, duk wanda ya sauke ta kuwa wani ne ya sa masa hannu. Gida biyar suka daina ba da roba. Sama'ilu yana rantsuwa a tasha cewa bai taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba, ana girgiza kai ana cewa ai haka abin yake, wanda aka kama ba ya sani.

Bara masu binciken suka gama. Sun yi taro a wani otal a Kano, mun ji an tafa, an ɗauki hotuna. Ba wanda ya tuna a aiko wa Larai mota. Wani ɗanmu da ke karatu a birni ya ga takardar da suka fitar, ya ce sunaye goma sha ɗaya ne a sama, a can ƙasa kuma an gode wa "ma'aikatan ƙauye". Kular ma sun aiko an karɓa, wai kayan aiki ne. Da aka ba Larai labari cewa ta yi, "Allah ya sa abin ya amfani mutane." Ni ban kai ta haƙuri ba, har yau abin yana ci mini rai. Amma su baƙi ne, sun zo sun tafi. Mu fa?

Watan jiya ta cika shekara talatin da biyar a aiki, ta yi ritaya. Aka shimfiɗa tabarmi a gaban ɗakin shan magani. Larai ta yi dambun zogale babbar roba guda, da man gyaɗa da albasa, ƙamshinsa har bakin titi. Shekara shida ba ta yi wa taro girki ba. Ta sa sabon zani, ta jera kwanuka da cokula, a ranta tana cewa yanzu dai an gama, watanni ke nan rabonta da kular nan. Malam Abdulkabir ya yi addu'a mai tsawo. Mai unguwa ya ce ba a taɓa yin mace irinta ba. Aka shafa, aka ce bismilla. Sai wannan ya ce yana azumin nafila, wancan ya ce yanzu ya ci a gida, mata suka tuna sun bar tukunya a wuta. Larai tana tsaye da ludayi a hannu.

Sama'ilu ne ya taso. Ya wanke hannu, ya zauna a tsakiyar tabarma inda kowa zai gan shi, ya miƙa kwano. Ya ci a hankali, ya suɗe yatsu. Da ya gama ya dubi robar, da ƙyar aka ga inda aka ɗiba. Ya dubi bayan mutanen da ke watsewa, idonsa ya kawo ruwa.

"Inna, wallahi da zan iya, da na cinye shi duka. Amma ke kika ce kada in wuce kwano ɗaya."

"Kada ka wuce," in ji Larai. Ta ɗauko murfi ta rufe robar.

Inna Larai, uwar marasa lafiya, mai muciyar Marken Yamma, mun gode. Godiyar ta zo a makare, kuma daga bakin mutanen da ba su kyauta miki ba. Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, ya biya ki abin da muka hana ki. Masu tasowa a aikin lafiya, in aka zo neman mai ɗaukar abin da kowa ke ƙyama, ku tuna akwai wadda ta ɗauka ba ta mutu ba.

Mu kuma mutanen ƙauyen nan, ba a nemi mu ɗauki kula ba. Larai ba ta daina aika kwanon salla ba, ko shekara ɗaya ba ta fasa ba, kuma babbar salla saura mako uku. In kwanon ya shigo gidanka, ka kori awakin, ka wanke hannu, ka zauna ka ci.