Rigar Ruwan Yaya Sale

Wata safiyar Asabar, farkon damunar da nake aji biyar, yayana Sale ya sauko da rigar ruwansa daga ƙusa, ya ɗaga ta sama, sai ga hasken rana yana ɓullowa ta bayanta. Ɓeraye sun yi mata kaca-kaca. Abin ya dame ni, don ƙarƙashin rigar nan nake cusa kaina in ya goya ni a keke daga ƙauyenmu na bayan Karare zuwa makaranta. Baba kuwa ya riga ya yanke magana: mai ciwon ƙirji irina, in babu riga, zaman gida ne har ruwa ya ɗauke, ko da jarrabawa ake.

Inna ta ɗinke ta da allura, ruwa ya bi ramukan ɗinkin. Mai faci a kasuwar Batsari ya manna mata guntayen roba. Sannan Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta tashi cikin makiyaya, ta karɓa. A ganinta duk abin da ke tare ruwa fata ne, fata kuwa sai da mai, don haka ta mulke facin da man shanu. Ba a daɗe ba ɓerayen suka dawo, suka bi inda aka gyara kaɗai kamar an zana musu. Aka sake faci, Kaka ta ce rigar ta bushe ne, ta ƙara mai. Sale ya zargi mai faci, Inna ta ce sammu ne, ni kuwa kaina ya ɗaure tamau, har na fara zaton ɓerayen gidanmu boko suka tsana. Man nan dai ko a mafarki ba wanda ya zarge shi.

Ranar jarrabawa aka tashi da ruwa, riga ta zama rariya, na zauna a zaure ina kuka. Sai ga Kaka da kabido, mayafin ruwa na kaba, na marigayi mijinta, wanda ba ta bari ko Baba ya taɓa. Ta kifa mini shi, ta ce, "Hau keken, 'yar nan. Shi ma da yana nan, da ya ba ki."

Yau rigar ruwa tana kowane shago, amma hanyar nan sai a babur, a guje, ana waige-waige don tsoron 'yan bindiga. Ba mai sake goya ƙanwarsa a keke ya bi ta.