Iya Kubra, Mai Taryar Motocin Tumatir

Duk wanda ke sammako zuwa gona ta bakin kanal a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, ya san Iya Kubra. Kafin masu ban ruwa su buɗe wa shinkafa ƙofa, ta share ɗakin shan magani, ta dafa allurai, ta rataya ma'aunin jarirai a reshen darbejiya. Ungozomar gwamnati ce, kuma ƙarshen watan nan na Disambar 1988 za ta ajiye aiki. Rabin yaran da take kora daga kanal saboda tsargiya, a hannunta suka yi kukan farko.

Tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba mutane dariya. In kakar tumatir ta kama, mazan gari suka fara bin kwandunansu zuwa Ikko, sai ka gan ta a tasha da lemarta, tana tambayar direbobi wa ya dawo, wa ya rage. Har 'yan dako suka sa mata Dillaliya, alhali ko tumatir ɗaya ba ta taɓa sayarwa ba.

Ita ta san abin da take nema. Matan da take ba ƙwayar tazarar haihuwa, da maigida ya hau mota sai su ajiye ta a ƙasan kwalla, wai me za a sha wa magani mutum yana Ikko? Ranar da ya faɗo gida babu sanarwa kuma, kunya ba za ta bar mace ta buɗe baki ba sai wata ya wuce.

Shekara uku ke nan, wata safiya aka ce mata Sammani ya dawo daga Ikko tun shekaranjiya. Nan take ta nufi gidansa. Matarsa Zuliha ba ta daɗe da dawowa daga asibitin Kano ba, inda aka yi mata aiki aka ciro 'yarta Binta da ƙyar. Likita ya ce in wani ciki ya shiga kafin ɗinkin mahaifa ya yi ƙwari, ba lalle ta tashi ba.

Iya ta tarar da Zuliha a bayan rumbu, da ƙwarya cike da jiƙon kanwa da bular wanki, wai wata maƙwabciya ta ce yana wanke mara. Iya ta karɓe ta kifar a ƙasa, ta ja ta ɗaka.

"'Yar nan, gaya mini gaskiya. Kina shan ƙwayar?"

Zuliha ta sunkuyar da kai. "Tun da ya tafi na ajiye, Iya. Ban san zai dawo da wuri ba." Sai ta fashe da kuka. "In na mutu wa zai riƙe mini Binta?"

"Share hawayenki. Ba a cika kwana uku ba, da sauran dabara. Amma sai na ga mijinki."

Da tsakar rana ta ratsa kunyoyin albasa, zanenta duk taɓo, ta same shi yana gyaran kwarin ban ruwa. Isiyaku, maƙwabcin gonarsa, ya ce bai taɓa ganin Sammani ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar.

"Iya, ni fa ba zan yarda a zubar da ciki a gidana ba."

"Wa ya ce maka ciki ya shiga? Hana shi shiga za mu yi. Ƙwaya ce, ta sha yanzu, ta ƙara anjima. Ba na ce maka tabbas ba ne, tabbas na Allah ne. Amma in muka kai gobe, ko wannan ɗin babu."

Sammani ya dubi fartanyarsa, ya yar da ita. "Ni na ɗauka mai shayarwa ba ta ɗauka. Mu je, Iya."

Zuliha ta sha, tashin zuciya ya sa ta a gaba. Iya ta zauna da ita tana ba ta farau-farau kaɗan-kaɗan don kada ta amayar da maganin. Daga nan sai jira, kuma jiran ya yi tsawo. Sammani ya fasa komawa Ikko, ya ba ƙaninsa kwandunan. Ita kanta Iya ta rame.

Ran nan mata sun cika gindin darbejiya ana awon yara, sai ga Sammani a kan keke, ko hula babu. Tun daga nesa yake ɗaga murya.

"Iya! Iya! Yau Zuliha ba ta yi salla ba!"

Mata suka rufe fuska da mayafi suna ƙyaƙyata dariya. Ba a taɓa jin namiji yana shelar irin wannan magana a garin nan ba, balle da murna. Iya Kubra ta nemi benci ta zauna, tana ta alhamdu lillahi.

Iya, ke ce kika ɗauki kunyar matanmu kika ɗora a kanki, kika je inda ba a kira ki ba. Uwar masu jego, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu cikin lafiya.

Ku kuma 'yan mata masu fitowa daga makarantar ungozoma, kada ku zauna a kujera kuna jiran a kawo ƙara. Wadda ta fi buƙatarku ita ce ba za ta zo ba. Maza, ku tambayi iyalinku, ku saurara.

Zuliha ce ta ce lalle a rubuta wannan, da sunanta a ciki, ita da a da ko sunan ƙwayar ba ta iya furtawa. Tana da tsohon ciki yanzu, wanda likita da kansa ya ce lokacin ɗaukarsa ya yi. Abu ɗaya take roƙo: ranar da za a kai ta Kano, Iya ta zauna kusa da ita a mota.